Ko mace za ta iya zama Fada a Katolika?

'Yar'uwa, kin tambaya ko mace na iya zama Fada, kuma in ba ta iyawa, ina matsayinta a coci. A taƙaice, a'a. A 1994 Fafaroma John Paul na Biyu ya ce Ikilisiya ba ta da ikon naɗa mata firistoci, hujjarsa kuwa Yesu maza ya zaɓa manzanni. Masu fafutukar 'yancin mata suna ganin al'adar wancan zamani ce kawai, har yau ana ja-in-ja a kai.

Amma abubuwa sun ɗan motsa. A 2021 Fafaroma Francis ya gyara doka, aka yarda a naɗa mata masu karanta Littafi Mai Tsarki a coci da masu hidimar bagade. A 2023 mata suka jefa ƙuri'a a Sinod, babban taron shawara na bishop-bishop, karon farko. A 2025 Francis ya ɗora Sista Simona Brambilla a kan wata babbar ma'aikata ta Vatican.

Nan Sakkwato kuwa, leƙa babban cocin Katolika na Holy Family ranar Lahadi ki ga Zumuntar Mata. Waƙa, gudummawa, duba marasa lafiya, duk a wuyansu suke. Ni dai abin da ke damuna, in an zo rabon kujerun yanke shawara sai ka ga maza sun cika wurin.