Ƙanwata ta fito daga gidan miji, wata 7 ba mu ji ɗuriyarta ba

TAMBAYA

Salamu alaikum Anti, dan Allah ki bani shawara kaina ya kulle. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 24, tana aure a Gwagwa, tun tana amarya mijin yake dukanta, sau huɗu tana yaji kuma duk sanda ta zo Baba da su kawu sai suce tayi haƙuri aure ibada ne a maida ita. Na ƙarshen nan har haƙorinta ya fita. Ranar da abin ya faru ta kirani da asuba tace Yaya na haɗa kayana yau zan taho wajenki, kar ki gaya wa kowa. Nayi ta jira har azahar, na kira wayar a kashe, har yau a kashe take wata 7 kenan. Shi mijin yace ya fita kasuwa ya dawo bai tarar da ita ba, wai ƙila wani ta bi. Mun kai ƙara wajen 'yan sanda, ya kwana ɗaya aka bada belinsa, aka ce mana magana ce ta miji da mata. Mama ko abinci bata iya ci. Yanzu dangi na cewa mu bar wa Allah kar mu tona wa kanmu asiri. Ya zanyi?

Yayarta, daga Kubwa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi na karanta wasiƙarki na kasa barci, Allah ya bayyana ta cikin aminci, ya sanyaya wa Mama zuciya.

Kar ki yarda a rufe maganar nan. Wanne asiri ne ya rage bayan mutum sukutum ta ɓace? Shirun da aka yi ta yi ne ya kai mu nan, yarinya ta zo da haƙori a hannu aka ce ta koma, alhali Allah da kansa yace a Suratul Baƙara kada ku riƙe su don cutarwa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya alƙali yana raba aure saboda cutarwa ko mijin bai so ba. Ba ina faɗa bane don in ƙara wa Baba ciwo, nasan yanzu shi ma yana cizon yatsa, ina faɗa ne saboda iyayen da ke karanta shafin nan kuma 'yarsu na zaune a tsakar gida yau da kumburarriyar fuska. Masu aikin kare mata sun daɗe suna faɗa, babu lokacin da yafi haɗari ga matar da ake duka kamar ranar da mijin ya gane tafiya zata yi.

Toh ga abin yi. Ki zauna yau ki rubuta komai, ranar, ƙarfe nawa ta kira, kalmomin da ta faɗa, kayan da aka ga babu a ɗakinta, ki ɗauki hoton kiran a wayarki ki adana. In akwai hoton raunukanta, katin asibiti, ko saƙon murya da ta taɓa turo miki a WhatsApp, ki tura wa mutum biyu da kika yarda dasu kar waya ta lalace. Maƙwabtanta mata ki je musu a hankali ke kaɗai, su suka san ko anji ihu a daren, ko an ganta ta hau Keke da jaka, abinda ba zasu faɗa a gaban ɗan sanda ba, ke zasu faɗa miki a ɗaki.

Sannan ki nemi lauya ya rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'yan sandan Abuja a maida binciken sashen binciken manyan laifuka wato CID, a nemi kamfanin layinta ya bada bayanin kira na ƙarshe da inda wayar ta mutu, haka asusunta na banki ko an taɓa shi, ku baza a baku wannan ba sai hukuma ta nema kuma kullum aka ƙara kwana sawu na ƙara ɓacewa. In babu kuɗin lauya akwai FIDA ƙungiyar lauyoyi mata, akwai WRAPA ƙungiyar kare haƙƙin mata, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Maitama. Kuma wanda yace miki maganar miji da mata ce bai faɗi daidai ba, tun 2015 akwai dokar hana cin zarafin mutane wato VAPP a Abuja wadda ta maida dukan matar aure laifi, hukumar yaƙi da fataucin mutane wato NAPTIP ce ke kula da aiwatar da ita, ki kai musu koke su ma.

Abu ɗaya zan roƙe ki, kar kije gidansa ke kaɗai, kar kuma ki sa hotonsa a Facebook kice shi ya kashe ta. Zarginsa ya halatta, bincikensa wajibi ne, amma har yanzu bamu da hujja, kuma tsakanin Gwagwa da Kubwa akwai 'yan wan cans masu ɗaukar fasinja a mota su yi musu fashi. Shiyasa kuje da hotonta tashar Zuba da Jabi, ku duba asibitin koyarwa na Gwagwalada da Babban Asibitin Ƙasa har ɗakin ajiye gawa, nasan da nauyi, ki tafi da namiji ɗaya cikin 'yan uwa kar ki bar Mama taje.

Akwai kuma wata fuskar da nake fata ita ce, ƙila tana raye ta ɓuya ne, don sau huɗu tana gudowa gida ana maida ta. Ki bi ta wajen ƙawayenta na Islamiyya da na makaranta ki bar saƙo ɗaya tak, cewa babu mai maida ta ɗakin nan, Baba da bakinsa ya faɗa, in zai yiwu ki sa shi yayi saƙon murya. Layinki da ta kira da asubar nan kar ki canza shi, kar ki kashe shi ko da dare.