Kauce wa al'ada daban, laifi daban

Malam, ka tambaya ko duk mai kauce wa al'ada mai laifi ne. A'a. Laifi shi ne abin da doka ta tanadar wa hukunci. Kaucewa kuwa jama'a ke yanke ta. Dubi masu sayar da man sumoga a kwalabe bakin titi nan Maraɗi: doka ta hana, amma ba mai yi musu kallon banza. Mai cin abinci a fili da rana cikin azumi fa? Jandarma ba ruwansa, unguwa ce za ta sa shi a baki.

Howard Becker, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya nuna a 1963 cewa laƙabin da jama'a ke liƙa wa mai kaucewa na da haɗari: yaron da aka kira ɓarawo, maigida ya sallame shi, sai ya koma wurin ɓarayin da suka karɓe shi.