Ku Tambaya Mu Amsa: Nijar ta bar ECOWAS, mu na bakin boda ina muka dosa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk magana ɗaya ce, fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda 'yan uwanmu na Nijar suka fi sani da CEDEAO. Huɗu na ɗauka, sauran a yi min uzuri.

TAMBAYA daga wani ɗan kasuwa a Illela, jihar Sakkwato: Salam Malam, dan Allah ka fitar da mu daga duhu. Ni sana'ata saro albasa daga Galmi in kai kudu, kusan shekara ashirin kenan. Yanzu wasu na cewa nan gaba sai da biza za mu shiga Konni, wasu sun ce ƙarya ne, toh wanne za mu kama? Uwargidana ma 'yar Konni ce fa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka kwantar da hankalinka, ba a ce ka nemi biza kafin ka je gaida surukai ba. Ƙasashen uku sun sanar da ficewa ran 28 ga Janairun 2024, dokar ƙungiyar kuma ta ce sai an ba da notis na shekara guda, shi ya sa fitar ba ta tabbata ba sai 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen, a bar su su shiga su fita ba biza, kayansu ma a ci gaba da yi musu sassaucin haraji har sai an zauna an tsara sabon zama. Su ma can sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS.

Amma ga inda gizo ke saƙar, Alhaji. A da shigarka Konni haƙƙinka ne, akwai yarjejeniyar 1979 da ta ba kowane ɗan yankin damar zama kwana 90 a ƙasar maƙwabta ba biza, kuma amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu a takarda ba a biya musu kuɗin fito. Yanzu wannan duk ya koma alfarma, yau an yi maka gobe ana iya wayar gari a ce an fasa kuma ba inda za ka kai ƙara. Ka ga misali, a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi, gero da dawa da masara da wake, in ba zuwa Mali da Burkina ba, sannan a 2025 gab da babbar sallah ta dakatar da fitar da dabbobi, duk wanda ya je sayen ragon layya a Kano ko Legas a shekarar ya ji a aljihunsa.

Kodayake kar mu ɗora komai a kan fitar, mu faɗi gaskiya. Najeriya tana cikin ECOWAS ɗin tsundum, hedikwatar ma a Abuja take, amma a Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta garƙame boda sai Disamban 2020 aka buɗe, kai shaida ne. Kuma shingayen kan hanya da ɗan abin da direba ke miƙawa kwastam da jandarma, wannan ko ana ECOWAS ko ba a yi yana nan daram. Shawarata dai, ka riƙa yawo da takardunka cikakku har da katin rigakafin shawara, kuma albasa ba gero ba ce, kar ka zuba jarinka kaf a lodi ɗaya. Na tsaya a bakin bodarku a watan Agustan 2023 lokacin takunkumi, tireloli jere har ido ya gaji, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mota suna dafa shayi, wani ya yaye min tamfol ya ce Malam sunsuna, wallahi ban iya tsayawa ba don wari, ruwa ne kawai ke ɗiga daga buhunan. A gefe kuma 'yan acaba na ta ratsa daji da buhu bibbiyu ta ɓarauniyar hanya, su kam kakarsu ta yanke saƙa.

TAMBAYA daga wata uwa a Maraɗi: Malam ina gaisuwa. Tun da aka fara rikicin nan shinkafa da mai da magani suka yi tsada, wai fitar da muka yi daga CEDEAO ce ta jawo? Kuma ance za a canza mana kuɗi, in ajiye sefana ko in sayi kadara?

AMSA: Hajiya ina amsawa, Allah ya raya zuri'a. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Wahalar da kika fi sha ta zo ne tun kafin fitar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Bazoum, shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja ran 30 ga wata suka rufe iyakoki, suka toshe asusun gwamnati, Najeriya ta yanke wuta alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, kan iyakarta da Benin, Nijar ta ƙi buɗewa, ta ce ba ta yarda da Benin ba ta fuskar tsaro. Toh ke kin san Nijar ba ta da teku, yawancin kayanta ta tashar Kwatano ta Benin suke shigowa. Da aka koma Lome sai mota ta ratsa Togo ta shiga Burkina ta bi ta Kaya da Dori kafin ta faɗo Tera, hanyar da ba a binta sai da rakiyar soja, a jira ayari ya cika sati da sati, kuɗin mota ya ninka, kuma duk wannan kuɗin a kan tiyar shinkafarki yake ƙarewa. Wannan rigimar maƙwabta ce, ko da Nijar na cikin ƙungiyar haka za a sha.

Abin da fitar kanta ta kawo a fili shi ne harajin kashi 0.5 cikin ɗari da ƙasashen AES, wato ƙawancen Sahel na Nijar da Mali da Burkina, suka sa a Maris ɗin 2025 kan kayan da ake shigowa da su daga waje, banda kayan agaji, don su riƙe sabuwar ƙungiyar tasu. Da ma ECOWAS na karɓar irinsa kan kayan da suka fito daga wajen yankin, kenan a kan irin waɗannan kayan aljihun da kuɗin ke shiga ne ya canza.

Batun kuɗi kuwa, Hajiya, ECOWAS daban UEMOA daban. Ita UEMOA ƙungiyar ƙasashe takwas ce masu amfani da sefa, babban bankinsu na Dakar, kuma Nijar da Mali da Burkina ba su fita daga cikinta ba. Sefa na nan a ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Ni a ganina wannan ne ya sa girgizar ba ta kai yadda aka yi tsoro ba, don cinikinsu da Kodebuwa da Senegal da Togo yana tafiya a ƙarƙashin waccan inuwar. Shugabannin sun sha maganar kuɗin kansu, gaskiya ne, amma faɗa daban bugawa daban. Kar ki yi gaggawar rabuwa da sefarki saboda jita-jitar WhatsApp, tambayi 'yan canjin Maraɗi yadda naira ta yi a 2023 da 2024 su ba ki labari.

TAMBAYA daga wani ɗalibi a Kano: Malam wai wannan ba irin abin da Birtaniya ta yi bane da ta bar Tarayyar Turai? Su me suka samu?

AMSA: Ɗana sun yi kama ta wani gefen. Can ƙuri'a aka kaɗa ran 23 ga Yunin 2016, kashi 52 suka ce a fita 48 suka ce a zauna, Firaminista David Cameron ya sanar da zai ajiye aiki washegari, Theresa May ma rigimar ce ta ci kujerarta a 2019, ba a fita ba sai 31 ga Janairun 2020. Sun samu yarjejeniyar ciniki ba haraji, amma takardu da binciken kan iyaka suka dawo, ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka haƙura da kai kaya Turai, ofishin da ke yi wa gwamnatinsu hasashen kasafi ya ƙiyasta tattalin arzikin zai ragu da kusan kashi 4 cikin ɗari a tsawon lokaci. Abin dariyar, an fita ne har da don a rage baƙi, sai ga shi Turawan gabas sun ragu an koma ɗiban ma'aikatan jinya daga Najeriya da Indiya.

Bambancin, su jama'a aka tambaya, nan kuwa sojoji ne suka yanke, duk da ba zan ɓoye ba talakawa da yawa sun yi murna, kuma ina gane dalilinsu. Wanda ka yanke wa wuta, magani ya yanke a asibitinsa, ka ce za ka kawo masa yaƙi, da wuya ya sake kallonka ɗan uwa. Ko a Najeriya sanatocin arewa sun ƙi yarda da yaƙin, malamai da Sarki Sanusi suka yi ta zarya Yamai. ECOWAS ta yi ganganci a nan, ta tashi daga ƙasashe 15 ta koma 12, fiye da rabin faɗin ƙasarta ya tafi.

Amma akwai asarar da ba a cika faɗa ba. A 2008 wata baiwar Allah 'yar Nijar, Hadijatou Mani, da aka sayar da ita tana yarinya, ta kai gwamnatin ƙasarta kotun ECOWAS kan ta kasa kare ta daga bauta, ta yi nasara aka ce a biya ta sefa miliyan 10. Yau wannan ƙofar ta rufe ga talakan Nijar. Sannan ba mai matsa wa kowa lamba kan zaɓe, a Maris ɗin 2025 aka rantsar da Janar Tiani na shekara biyar aka rusa jam'iyyu, Mali da Burkina ma kowa ya ƙara wa kansa biyar. Tsaro kuma, Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a 2025, alhali ɗan bindigar da ke tsakanin Sakkwato da Tawa bai san wata boda ba.

TAMBAYA daga wani mazaunin Zango a Kumasi: Malam kana ganin za su dawo?

AMSA: Ɗan uwa nan kusa dai ban ga alama ba. ECOWAS ta wakilta shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye da na Togo Faure Gnassingbe su lallashe su, ta kuma bar ƙofa a buɗe har wata shida bayan fitar, ba wanda ya waiwayo, sun ma fito da fasfo ɗinsu na AES. Abin da na fi zato shi ne irin na Muritaniya, wadda ta fita a 2000 ba ta koma ba, amma a 2017 ta zo ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar saboda ciniki da zirga-zirga. Ku da ke Kumasi ku riƙa lura da motocin albasa da na shanu da ke sauka daga arewa, ranar da suka fara yin ƙaranci ku rubuto min.