Shuɗin maganin da ake fesa wa inabi: da gaske ba ya cutarwa?

Tambaya: Malam, ina aiki a wata ƙaramar gonar inabi ta iyali a yankin Bojole, ƙasar Faransa, inda suke matse inabinsu su yi giya. Mai gonar ya ce ƙasar wani tsohon fegi ta gaji, sabon dashe ba ya kamawa, kuma shuɗin maganin da kakanninsa suka yi ta fesawa ne sila. Hankalina ya tashi, domin ƙanena yana noman inabin ci a Kudan, mai shago kuma ya ce masa ya fesa son ransa tunda na ma'adini ne.

Amsa: Ɗan'uwa, mai gonarku ya san abin da yake faɗa. Maganin nan haɗin Bodo ne, gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa. Wani masanin tsirrai, Millardet, shi ya lura a 1882 cewa inabin bakin hanya a Medok, yankin noman inabi kusa da birnin Bodo na Faransa, da ake yayyafa wa shuɗi don korar ɓarayi bai kamu da funfunar ganye ba, cutar da ta shigo Faransa daga Amurka a 1878. Tun daga 1885 ake fesa shi. Ka lissafa shekarun.

Arewacin Bojole, inda inabin Gamay ya yi suna, ƙasa ce ta rugujajjen dutse, mai rairayi da tsami. A irinta jan ƙarfe yana narkewa ya ƙone saiwar ƙaramin dashe. Tsohuwar bishiya ta tsira ne don saiwarta ta nutse, jan ƙarfen kuwa yana maƙale a 'yan santimitocin sama. Kudancin yankin mai dutsen farar ƙasa yana ɗaure shi, ɓarnar ba ta fitowa da wuri.

Yanzu maganar mai shago, wadda na gaji da jin ta. Wai abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutar da ƙasa. To dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga ina ta fito? Yawancin magungunan feshi rana da ƙwayoyin ƙasa suna narkar da su a hankali. Jan ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da ka fesa bana yana nan, na baɗi ya hau kansa. Tsutsar ƙasa, wato tana, ita ce ke fara ɓacewa, ganyen da ya zuba ya daina ruɓewa da wuri, ƙasa ta daskare. Mutane suna ruɗewa ne don an yarda masu noma ba da sinadarin zamani ba su yi amfani da shi, sai ɗan kasuwa ya mai da wannan ya zama lasisin zubawa da gwangwanin madara. Su kansu Turawan, tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 na jan ƙarfe a hekta cikin shekara bakwai, wato matsakaicin kilo 4 a shekara. Shi mai shagon, ka tambaye shi giram nawa ke cikin tanki ɗaya, ka ga yadda zai canja zance. Kuma maganin rigakafi ne kawai. Ganyen da funfuna ta riga ta shiga, ko wanka aka yi masa da shi ba zai warke ba, amma kullum sai ka ga an ninka awo bayan cuta ta bayyana.

Abin da ya fi damuna a gida shi ne tumaki. Hantar tunkiya tana tara jan ƙarfe shiru na watanni, rana ɗaya idonta ya yi rawaya, fitsari ya yi ja wur, ta faɗi. Kada ƙanenka ya ba su ciyawar ƙarƙashin inabi ko ganyen da aka sassabe.

Ya bi awon jikin takarda, ya yi feshi kafin ruwa ya sauko, ya rage ganye don iska ta ratsa, kada ya wanke tanki kusa da rijiya ko rafi. Ya kai ƙasarsa cibiyar binciken noma ta Samaru a auna tsaminta. Fegin mai gonarku kuwa, farar ƙasa da takin gargajiya za su ɗaure jan ƙarfen har dashe ya kama, amma ba za su fitar da shi ba.