Tambayi Makanike: Buwat ɗin motata tana kuka, in canza ta ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da Toyota Sienna ƙirar 2005 mai giya otomatik, da ita nake kai yara lakwal kuma ina zuwa Magariya da Matamaye da ita saro kaya, ta haura kilomita 280,000. Tun farkon bazara ta fara wani kuka wiiii kamar sauro, in na taka totur ya ƙaru ko da tana tsaye, kuma da safe in na sa D sai ta ɗan yi shiru kafin ta kama. Ga kuma wani ƙat-ƙat in zan sha kwana. Wani makanike ya ce buwat, wato akwatin giya, ta gama aiki, a sayo wata daga Kano. Wallahi kuɗin ya fi ƙarfina, dan Allah ka ba ni shawara. Daga mai karatunka a unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya rufa asiri. Kar ka yarda a sauke buwat ɗin nan tukun, don abin da ka lissafo min ba ciwo ɗaya ba ne, ƙara biyu ce daban-daban, ɗaya daga cikinsu ba daga buwat take ba.

Ƙat-ƙat ɗin kwana kusan kullum kardan ne, wato ƙarfen da ke fitowa daga buwat yana juya taya. Sienna yawanci tayoyin gaba ke jan ta, kuma a kan kardan akwai wata roba mai riƙe giris, in ta yage sai yashinmu na nan ya shiga ya haɗu da giris ya zama kamar takardar goge ƙarfe. Juya sitiyari har ƙarshe ka leƙa bayan taya, in ka ga baƙin giris ya watsu to ka gano ɓarawonka. Wannan gyaran rabin yini ne.

Kukan sauron shi ne abin tsayawa a kai. Ka ce yana ƙaruwa da totur ko mota na tsaye, to wannan magana ce mai nauyi, don in mota na tsaye a P tayoyi ba sa juyawa, rulma ɗin taya wato boris ba ya aiki, abin da ke juyawa a cikin buwat shi ne famfon mai da abin da ke haɗa ta da inji. Famfon nan in mai ya yi ƙasa ko matacin ya toshe sai ya riƙa zuƙar iska, shi ne kukan da kake ji, kuma shi ya sa da safe take jinkiri, ai sai mai ya samu ƙarfi sannan giya ke kamawa, lafiyayyar buwat ba ta kai daƙiƙa 2 ba ta shiga. Amma fa ka kula, famfon man sitiyari shi ma haka yake kuka, na sha ganin an zargi buwat alhali shi ne. Gwajinsa ba wuya, tana tsaye ka murza sitiyari hagu da dama, in kukan ya canza murya to can ne. Da a ce kukan sai tana gudu yake fitowa, kamar gurnani, da sai in ce ka hau hanyar Mirya da sassafe ka ɗan karkata ta dama da hagu a hankali, in ya ragu a gefe ɗaya rulma ne.

Yanzu sai mai. Ba a auna man buwat kamar na inji, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ka zaga da ita kamar minti 15 ta yi zafi, ka tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ƙafa kan birki ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka dawo P, ka bar injin yana aiki sannan ka zaro sandar awo. Ka goga a farin ƙyalle ka duba ka kuma sunsuna. Ja ne mai haske, alhamdulillahi. Ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa. Baƙi ne yana warin ƙauri kamar tuwo ya kama tukunya, to farantan da ke kama giya a ciki sun fara cinyewa. In kuwa ka gan shi ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, kar ka sake tuƙa ta, ruwan radiyata ne ya shiga, don man buwat yana bi ta cikin radiyata ne ya huce.

Ni abin da zan yi in tawa ce, zan sa a kwance farantin ƙasan buwat ina tsaye a wurin. Akwai maganaɗisu a ciki, in laushin toka-toka ne kawai ya manne masa wannan tsufa ne ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa, to makaniken nan naka ya yi gaskiya. In babu, a canza mataci, a zuba sabon mai. Abin da ke fita wajen vidanj, wato juye tsohon mai, kamar lita 3 da rabi ne, bai kai rabin man da ke cikinta ba, shi ya sa nake son a maimaita bayan sati biyu ko uku. Kar a yi mata wankin ciki da injin matsi, tsohuwar buwat ba ta son shi, datti ne zai tashi ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Kuma ta 2005 mai lamba T-IV take sha, a rubuce yake a kan sandar awon. Abin da ke ci min rai shi ne man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya a ce ai duk ja ne, wallahi buwat nawa na ga ta mutu a kan haka, mutum ya yi tattalin jika biyu ya yi asarar ɗaruruwan jika.

Sai kuma zafi, wanda shi ne babban maƙiyinta. A watan Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40, ga buhuna ka lafta mata daga Magariya, dole mai ya ƙone da wuri. Ka rage lodi, a wanke radiyata, a tabbatar fankokinta na tashi. In ta kafe a yashi kar ka yi ta watsa ta D da R kana ba ta wuta, nemi samari su tura. In ta mutu a hanya kuma kar a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba a ƙasa, don in inji a kashe yake famfo ba ya ba da mai.

In bayan duk wannan kukan bai tafi ba, ko ta fara zamewa, inji na ihu mota ba ta gaba, sai a sa mata kwamfuta a karanta, sannan a yi maganar ta Kano. Ranar sayen ka tafi da lambar buwat ɗinka a rubuce, ka sa a buɗe farantin tasu ka ga maganaɗisun da idonka, kuma ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji gaban shaidu kafin ka ƙirga kuɗi.