Lena Horne: Hasken fatarta bai raba ta da wariya ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗinki ce a Agege. Ƙanwata ta nuna mini tsohon bidiyon wata mawaƙiya Ba'amurkiya mai suna Lena Horne, muka yi ta gardama, ita ta ce Baturiya ce, ni kuwa na ji an ce baƙar fata ce da ta sha wariya a harkar fim. Ashe mai haske irin wannan ma ana nuna mata bambanci?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ke ce da gaskiya. A Amurka ta wancan zamani, duk wanda yake da jinin Afirka a jikinsa baƙar fata ne, komai haskensa. An haifi Lena Horne a Brooklyn da ke birnin New York a 1917, kuma tana da shekara 16 ta fara rawa a Cotton Club da ke Harlem, gidan da baƙaƙe suke nishaɗantarwa amma fararen fata suke zama kallo.

A 1942 kamfanin shirya finafinai na MGM ya ɗauke ta aiki, sai ta ƙi yarda ta fito a matsayin 'yar aiki, wanda kusan shi kaɗai ake bai wa mata baƙaƙe a lokacin. Abin da kamfanin ya yi mata shi ne ya fi ɓata mini rai. A yawancin finafinan sai a yi mata ado, a tsayar da ita ita kaɗai ta rera waƙa guda, ba ta magana da sauran 'yan wasa, ba ta da hannu a labarin, domin idan fim ɗin ya isa jihohin kudu, inda wariya ta fi tsanani, a sa almakashi a yanke wurin ba tare da labari ya lalace ba. Mace ta yi kwanaki tana aiki, amma tun kafin a kunna kyamara an riga an shirya yadda za a share ta.

Ta so ƙwarai ta fito a matsayin Julie, mace mai ruwa biyu, a fim ɗin Show Boat na 1951, amma aka bai wa farar fata Ava Gardner, duk da cewa Lena ta taɓa rera waƙar Julie a wani fim na kamfanin.

Ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta je yi wa sojoji waƙa, ta tarar an zaunar da fursunonin yaƙi Jamusawa a gaban sojoji baƙaƙe, ta nuna fushinta a fili, ta kai ƙara. A 1963 tana cikin taron neman 'yanci na birnin Washington. Ta rasu a 2010 tana da shekara 92.

Ki ce wa ƙanwarki ta sake kunna bidiyon, ku duba tare ko akwai wani ɗan wasa farar fata da yake magana da ita, ko kuwa ita kaɗai take tsaye.