Me ya sa ake cewa "wariya" ba "bambanci" ba?

Tambaya: Malam, me ya sa gidajen rediyo ke cewa "wariyar launin fata" in ana zancen Afirka ta Kudu? Ai "nuna bambanci" ma ya isa. Kuma Soweto kalmar wane yare ce?

Amsa: Bai isa ba, ɗan'uwa. Uba kan nuna bambanci tsakanin 'ya'yansa alhali suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ita kuwa wariya daga "ware" ta fito, wato a cire abu daga cikin 'yan'uwansa a ajiye shi gefe. Shi ya sa wanda aka ƙaurace wa ake cewa an mai da shi saniyar ware, wadda ba ta kiwo da garke.

Soweto ba kalmar Zulu ba ce, ba ta Sotho ba. Farkon kalmomin South Western Townships aka harhaɗa a 1963, ma'ana unguwannin kudu maso yammacin Johannesburg. Johannesburg ta kafu ne kan zinaren da aka gano a 1886. Turawa na son ƙarfin baƙar fata a ramin haƙa da cikin gidajensu, amma ba sa son maƙwabtaka da shi. A 1904 suka fake da annoba suka kwashe mutane zuwa Klipspruit, tushen Soweto, kusa da inda ake zubar da ƙazantar birni. Bayan jam'iyyar National ta Turawa ta hau mulki a 1948, abin ya ƙara tsanani. Ranar 9 ga Fabrairun 1955 'yan sanda suka dira Sophiatown, wata unguwar baƙar fata a Johannesburg, da asuba, aka loda iyalai da komatsansu a manyan motoci zuwa Meadowlands da ke cikin Soweto, aka rushe unguwar, aka gina wa Turawa wata a wurin mai suna Triomf, wato nasara.

Gidajen da aka ba su 'yan ƙanana ne iri ɗaya, har mutane suka laƙaba musu akwatin ashana. Tsibin ƙasar ma'adinai ya shiga tsakaninsu da birni. Jirgin ƙasa ya kai su aiki da sassafe, ya dawo da su da dare. Abin da ya fi ci mini rai, a cikin Soweton ma sai da aka sake ware su, Zulu nan, Sotho can.

A 1974 aka kafa dokar tilasta wa yaransu karatu da Afrikaans, harshen Turawan da ke mulki. Ranar 16 ga Yunin 1976 ɗalibai suka fito zanga-zanga, 'yan sanda suka buɗe wuta. Cikin waɗanda aka fara kashewa akwai Hector Pieterson, ɗan shekara 12.